Wanda Ya Ɗaga Hannu

Wannan lacca ce da wani manjo mai ritaya ya gabatar a taron matasa da 'yan sa-kai ranar tunawa da mazan jiya. An rubuto ta daga faifan da aka ɗauka, an rage maimaici da dogayen gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, abokan aikina mazan jiya da na hango can baya sun jeru kamar masu jiran fareti, iyayenmu mata, da ku matasa da aka tara mu dominku, barkanmu da war haka.

Minti arba'in aka ba ni. Ni soja ne, ba malami ba, saboda haka in na zarce, shugaba, ka ɗaga mini hannu kawai zan tsaya. Dama maganar tawa ta yau kacokan a kan wanda ya ɗaga hannu take.

Su wa ke zuwa kallon dambe a cikinku? Kada ku ji kunyar malamai, ni ma ina zuwa. (dariya) To kun san hannun da ake naɗewa da kara shi ake kira mashi, ɗayan da ake miƙawa gaba kuma garkuwa. Duk sunayen kayan yaƙi ne. In ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko gwiwa ce kawai ta taɓa, ko hannu ya dafa, me ake cewa? An yi kisa. Ga wanda aka kashe ɗin ya miƙe yana kaɗe ƙura, gobe ma wataƙila tare za su ci tuwo. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, tun daga daƙiƙar da gwiwa ta taɓa ƙasa, mashin nan ya haramta. Wanda ya ƙara naushi ɗaya a kan wanda ya faɗi, ko shi ne gwanin gwanaye, 'yan ɓangarensa ma sai sun sunkuyar da kai. Mahauta ne suka riƙe wannan wasa tun asali, mutanen da aikinsu kullum wuƙa ce da jini, amma sun san inda ake tsayawa.

Mu da muka riƙe bindiga, da ku da kuke riƙe da ita yanzu ko kuke riƙe da gora, mun san inda ake tsayawa kuwa?

In aka ce jarumi a ƙasar nan, abu ɗaya ne ke zuwa zuciyar kowa: wanda ba ya gudu. Kirarinmu duk a kan haka aka gina shi. Kuma muna da mutanen da suka cika wannan kirari, ba a tatsuniya ba. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Turawa suka fasa Kano, Sarki Alu yana hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Da labari ya iske rundunar, Sarki ya ware cikin dare, sai Waziri Ahmadu ya ja sauran dawaki. A Kwatarkwashi, cikin Zamfara ta yau, suka haɗu da 'yan tsirarun sojoji da ba su kai hamsin ba, sun yi murabba'i, kowa da bindiga mai zuba harsashi. Waziri ya san abin da ke gabansa. Ya yi sukuwa a kansu, ya faɗi a nan, shi ya sa har yau Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a bakin Sakkwato, rundunar ta watse cikin ɗan lokaci, amma wasu suka tsaya kewaye da tuta, ba gaba ba baya, har aka gama da su ɗaya bayan ɗaya. Ranar 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. A 1906 Sarkin Haɗeja Muhammadu ya bi sahu. Wannan ɓangare ba sai na koya muku ba, da shi aka yaye mu.

Sai dai akwai tambayar da ba mu cika son yi ba. Su wa suka riƙe bindigogin da aka harbi waɗannan mutane da su? Turawan da ke cikin rundunar 'yan ƙalilan ne, hafsoshi da 'yan sajan-sajan. Masu ja kunamar 'ya'yan ƙasar nan ne, da yawansu Hausa suke ji. Rundunar da na yi wa aiki shekara da shekaru, tushenta na komawa ne ga mutum goma sha takwas da Laftanar Glover ya tara a Legas a 1863, ana kiransu Hausawan Glover. Su ma ba matsorata ba ne. Waɗanda suka je Satiru a Maris ɗin 1906 suka kashe mutane wajen dubu biyu, aka baje garin har yau ba a sake gina shi ba, babu wanda zai ce sun gudu daga fagen fama. Ke nan rashin gudu kaɗai bai isa ya raba mana mai mutunci da marar shi ba. Ɗan fashi ma yana da ƙarfin hali. Ɗan bindigar da ke daji yanzu haka, kun fi ni sani, ba ragon namiji ba ne.

To mene ne ma'aunin? Malamai na nan, in na yi kuskure su gyara mini. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo cewa da Sayyidina Abubakar zai tura runduna zuwa Sham, ya fito rakiyar kwamandan, Yazidu ɗan Abu Sufyan. Yazidu na kan abin hawa, Halifa na tafiya a ƙasa. Yazidu ya ji nauyi, ya ce ko dai ka hau ko ni in sauka. Ya ce ba za ka sauka ba, ni ma ba zan hau ba. Yana tafe yana yi masa wasiyya. Ya ce za ka tarar da wasu mutane da suka killace kansu don bauta, ka ƙyale su da abin da suka killace kansu dominsa. Fadan coci yake nufi fa, ba limamanmu ba. Sannan ya ce ina yi maka wasiyya da abu goma. Kada ka kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf. Kada ka sare itace mai 'ya'ya. Kada ka rusa wurin da mutane ke zaune. Kada ka soke akuya ko raƙumi sai don ci. Kada ka ƙona ƙudan zuma, kada ka nutsar da su. Kada ka yi ha'inci a ganima. Kada ka yi ragwanta.

Ku sake bin jerin nan a hankali. A ina jarumta ta fito? A ƙarshe, kuma sau ɗaya tak. Duk sauran hani ne. Mutumin da ke tura runduna ta tunkari daular Rumawa, wanda ya fi kowa buƙatar mazan da ba sa ja da baya, ya fara da mace da yaro da tsoho, ya bi ta kan itatuwa da awaki har da ƙudan zuma, sai da ya zo rufewa sannan ya ce kada ka ji tsoro. Mu kuwa mun ɗauki na ƙarshen nan mun yi masa tambari da algaita, sauran mun bar wa malamai su karanta a zaure.

Na daɗe ina tunanin maganar zumar nan. Me ya kawo ta cikin wasiyyar yaƙi? Sai da na ga ƙauyen da runduna ta kwana uku a cikinsa sannan na gane. Soja in ya ji yunwa, ya gaji, an kashe abokinsa jiya, duk abin da ya gani nasa ne. Kazar tsohuwa tasa ce, rumbun talaka nasa ne, amyar da ke bisa itace tasa ce, wuta kawai zai sa mata. Runduna za ta wuce, mai amya kuwa yana nan, shi da 'ya'yansa, kuma ba zai manta da kalar kakin da ya ƙone masa abinci ba.

Akwai kuma labarin Usama ɗan Zaid, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake ƙauna ƙwarai. A wani hari ya rutsa wani mutum, da mutumin ya ga mashi a kansa sai ya yi kalmar shahada. Usama ya soke shi. Da aka dawo aka ba da labari, ya kawo uzurin da kowane soja a duniya zai kawo: tsoron makami ne ya sa ya faɗa. Aka ce masa, ka tsaga zuciyarsa ne ka gani? Aka yi ta maimaita masa har Usama ya ce ya yi fatan a ce sai a ranar ya musulunta. Ku lura, mai yiwuwa ne Usama gaskiya ya faɗa. Wanda ya miƙa wuya kullum tsoro ne ke sa shi, ai ba don yana sonka ba ne. Amma ba kai aka ba hukuncin ba.

Yanzu bari in ba ku nawa. Ban cika ba da labarin nan ba, don ba ni ne jarumin cikinsa ba.

Ƙarshen 1992 ne, muna Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka taso wa Monrobiya. Ina matashin laftanar, anini biyu a kafaɗa, ina ji kamar ni ne na ƙirƙiro soja. An yi mana kwanton ɓauna a gefen wata gonar roba, ana yayyafi. Aka kashe mini kofur guda, yaron kirki, shi ke dafa mana shayi da asuba. Harsashin ya same shi a wuya, muna ji muna gani ya cika. Bayan wuta ta lafa, sai ga wani ya fito daga cikin ciyawa, hannu biyu a sama. Yaro ne, in ya yi yawa shekara goma sha huɗu. Silifas a ƙafarsa, ɗaya ma ya tsinke, gashin dokin mata a kansa irin wanda mayaƙansu ke sawa, layu sun cika masa damtse, bindigar na reto a wuyansa ta kusa kai masa gwiwa. Bakinsa na rawa, yana faɗin wani abu da ba mu ji.

Na ji ƙarar gyara bindiga a bayana, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na san abin da zai faru. Kun san abin da na yi? Na juya na kama rediyo, na yi kamar ina neman hedikwata. Ban ba da umarni ba, ban hana ba. Na kau da kai ne don in aka tambaye ni gobe in ce ban gani ba.

Ina da wani sajan, dattijo, ya shiga soja tun lokacin yaƙin basasa, furfura ta fara fito masa a gefen hula. Bai yi tsawa ba, bai yi gudu ba. Takowa ya yi a hankali kamar mai zuwa masallaci, ya shiga tsakanin bindigogin da yaron, ya ba su baya. Ya zare bindigar daga wuyan yaron, ya cire gidan harsashin, ya kamo shi a wuyan hannu ya jawo shi har gabana. Ya ƙame, ya ce, «Yallaɓai, ga fursunanka. A rubuta shi.» Ya zaro biro daga aljihun gaba ya miƙo mini.

Na karɓa hannuna na karkarwa. Na tambayi sunan yaron, na rubuta, na sa lokaci, na sa wuri. Wallahi ina gama rubutun nan na ji bindigogin sun sauka da kansu. Yaron da minti ɗaya da ya wuce ba kowa ba ne, yanzu ya zama mutum mai suna a cikin littafi, wanda in ya ɓace sai an tambayi wani. Da dare sajan ya same ni ni kaɗai, ya ajiye mini kofin shayi, shayin da da marigayi ke kawowa. Ya ce, «Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na ga ka juya. Na taɓa ganin hafsa ya juya haka, ina kurtu, ni kuma ina cikin waɗanda ke baya. Shekara ashirin da huɗu ke nan, har yau fuskar mutumin ba ta bar ni ba. Ban so yaran nan su ɗauki irin kayan da na ɗauka.» Bai ƙara ko kalma ba, ya sara mini ya fita. Allah Ya ji ƙansa, ya rasu yana bin fanshonsa.

Kun ga abin da ya dame shi ba yaron kaɗai ba ne, har da nasa yaran. Wannan shi ne abin da mutanen gari ba su sani ba game da dokokin yaƙi. Ana ɗauka alfarma ce ake yi wa abokin gaba. Akwai wannan, amma akwai kuma sojan da zai koma gida ya ɗauki jaririnsa da hannun nan. Akwai ma lissafi na zalla: maƙiyin da ya tabbata in ya ɗaga hannu za a harbe shi, ba zai ɗaga ba, zai yi ta harbi har harsashin ƙarshe, kuma kowane harsashi a cikinsu wuyan wani kofur yake nema.

Na san abin da ke ran wasunku, musamman mazan jiya. A bariki an koya mana ka bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. Gaskiya ne, runduna ba ta tsayuwa sai da biyayya. A Uhudu maharba hamsin aka ajiye a kan tudu aka ce kada su motsa ko me suka gani, da suka ga ganima galibinsu suka sauko, Halidu, wanda a lokacin yake ɓangaren Kuraishawa, ya zagayo ta baya, nasara ta juye. To amma in umarnin shi ne ka harbi wanda ya ɗaga hannu fa?

Ku biyo ni mu tsallaka Nijar. A farkon 1899 Faransa ta tura wata runduna daga bakin kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine. Shi Chanoine ɗan janar ne, ubansa ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Sojojinsu baƙar fata ne da aka ɗebo daga yamma. Duk garin da suka bi, wuta. A ƙwace hatsi da dabbobi, a kama mata, wanda ya gaji da ɗaukar kaya a kashe shi a bar shi a hanya. A watan Afrilu Sarauniyar Lugu ta tare su a garinta, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau mutanen wurin ba su manta ba. Labari ya kai Faris ta hanyar wasiƙar wani laftanar da ya rabu da su, gwamnati ta ji kunya, ta turo Laftanar Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓi rundunar. Bai sha wahalar neman hanya ba, ƙonannun garuruwa da gawawwaki su suka yi masa jagora.

Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet kusa da Dankori, a ƙasar Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya taho a kan doki cikin cikakken kakinsa. Voulet ya ce wa nasa su buɗe wuta, suka buɗe, kanar ya faɗi. Daga nan Voulet ya tara hafsoshinsa ya ce shi ya daina zama Bafaranshe, zai kafa daular kansa. Kwana biyu bayan haka sojojin suka juya, suka harbe Chanoine, washegari mai gadi ya harbe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi, a kan hanyar Damagaram.

Kada ku yi saurin tafa wa sojojin nan. Wata shida suna ƙona garuruwan Hausawa da hannunsu, ba su yi tawaye ba. Sai da suka ga abin zai hana su komawa gida, ya mai da su 'yan tawayen da Faransa za ta farauta, sannan suka tuna bindiga na iya juyawa. Ashe tun ranar farko suna da ikon cewa a'a. Da sun yi amfani da shi a ƙofar Ƙonni, da mutum nawa suka rayu? Kuma rundunar ba ta tsaya ba, wasu hafsoshin suka ja ta suka ci Damagaram, suka wuce har Kusuri inda aka kashe Rabeh a 1900.

Shari'armu ta riga ta yanke wannan. Akwai kwamandan da ya yi fushi da mutanensa, ya sa aka hura wuta, ya ce ai an umarce ku da yi mini biyayya, to ku shiga. Suka tsaya suna kallon juna har wutar ta mutu. Da aka kai maganar ga Annabi, ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Turawa sai bayan yaƙin duniya na biyu, a shari'ar Nuremberg, suka tsayar da cewa «umarni aka ba ni» ba ya wanke mutum.

Ba ina cewa mu mun riƙe abin da aka ba mu ba ne. Tarihinmu cike yake da hare-haren kamun bayi da ƙone rumbuna. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, ana tsakiyar jihadi, ya ga yadda son dawaki da ganima da mulki ya shiga zukatan mayaƙa, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano ne suka tsayar da shi. In ƙanen Shehu ya ga abin da ya sa shi juya baya, mu ba mu da bakin cewa da can komai lafiya lau ne.

Mutum ɗaya da nake so ku riƙe sunansa shi ne Amir Abdulƙadir na Aljeriya. Ya yaƙi Faransa daga 1832 zuwa 1847, Faransawa na ƙona gonaki, har da turnuƙe mutane da hayaƙi a cikin kogo, shi kuwa ya sa lada ga duk wanda ya kawo masa fursuna da rai, matan da aka kama kuma mahaifiyarsa ce ke kula da su. Duk da haka a 1846, ba ya nan, wani mataimakinsa ya sa aka yanka fursunonin Faransa masu yawa, tabon da ya bi sunansa. Da ya miƙa wuya an yi masa alƙawarin za a kai shi Iskandariya ko Akka, sai aka kulle shi a Faransa har 1852. An ci amanarsa ƙiri-ƙiri. Amma a 1860, yana zaune a Dimashƙa, rikici ya tashi ana karkashe Kiristoci, mutumin nan ya fito da tsofaffin mayaƙansa ya buɗe gidansa, ya tsare dubbai, har da jami'an ƙasar da ta yaudare shi. Shekara guda kafin nan ne wani ɗan kasuwar Suwizalan, Henry Dunant, ya ga dubban masu rauni yashe a filin yaƙin Solferino da ke Italiya, abin da ya haifar da ƙungiyar Red Cross a 1863 da yarjejeniyar Jeneba ta farko a 1864. Guda huɗun da ake aiki da su yanzu na 1949 ne, kuma sashe na uku da ke cikin kowaccensu ya shafi irin yaƙinmu na cikin gida: wanda ya ajiye makami, ko rauni ya kwantar da shi, ko aka tsare shi, ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a wulaƙanta shi, ba a yanke masa hukunci sai a kotu. Duk wanda ya ce muku wannan dokar Nasara ce, ku karanta masa wasiyyar Abubakar.

Mu ma a nan an rubuta. A 1967 Janar Gowon ya fitar da takardar ƙa'idojin aiki ga sojojin tarayya, ta hana taɓa mata da yara da asibitoci da wanda ya miƙa wuya. A watan Oktoban shekarar aka tara maza a Asaba aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. A 1968 kuma wani laftanar ya harbe fursuna a gaban kyamarar 'yan jarida, kotun soja ta yanke masa hukunci aka harbe shi. Runduna ɗaya, takarda ɗaya. Ranar nan ta 15 ga Janairu da muke taruwa, ita ce ranar da yaƙin ya ƙare a 1970, kuma in za mu tuna da mazan jiya, mu tuna da duka biyun.

Amana kuwa ba ta gefe ɗaya ba ce, wannan zan faɗa ko da wani zai ji haushi. Ba za ka tura yaro daji da harsashi ƙidayayye, kuɗin abincinsa ya maƙale a aljihun wani, in ya faɗi a ba matarsa wa'adin barin ɗakin bariki, sannan ka zo kana yi masa wa'azin mutunci. Hafsan da ya ci haƙƙin sojansa shi ya fara karya dokar, kafin sojan ya ƙwace kazar tsohuwa. Mun ga irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, yana gaba ba baya ba, shi ya sa sojojinsa suka yi kuka kamar ubansu ne ya mutu. Kuma in an yi kuskure a amsa. Abin da ya faru a Tudun Biri a Disamban 2023, jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi, ba abin da zai dawo da waɗanda suka tafi, amma rundunar ta ce mu ne, babban hafsanta ya je har garin ya ba da haƙuri. Sau nawa muka ga haka a baya?

Ku 'yan sa-kai, da ku zan rufe, don ku ne kuka fi kowa shiga hatsari, ba na harsashi kaɗai ba. Soja baƙo ne a inda yake aiki. Ku kuwa kun san kowa. Kun san wanda ya sace muku shanu, kun kuma san wanda ya riga ku neman aure, da wanda kuke rikicin gona da ubansa. In aka kamo mutum a kasuwa aka ce ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, shaidar me aka gani? Ko don kamanninsa ne da harshen da yake ji? Mutanen Maiduguri da suka tashi da gora a 2013 sun taimaka ƙwarai wajen korar Boko Haram daga unguwanni, ba mai musun wannan, amma ku tambayi dattawan garin, za su gaya muku akwai waɗanda yatsa kawai aka nuna musu, ba a sake ganinsu ba. A Zamfara kuwa kun ga yadda kisa a kasuwa ke komawa ramuwa a kan ƙauye, ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da nake roƙonku ƙarami ne. Kowane shugaban rukuni ya sayi ƙaramin littafi da biro ya sa a aljihun gaba. Duk wanda kuka kama, kafin kowa ya taɓa shi, a rubuta sunansa, da sunan ubansa, da garinsu, da lokaci, da wanda ya kamo shi, da abin da aka same shi da shi. A kira mai unguwa ko liman ya sa hannu. In kun kai shi wurin 'yan sanda ko soja, wanda ya karɓa shi ma ya rubuta sunansa da lambarsa a littafinku, kada ku baro wurin sai ya rubuta. In ya ƙi, ku rubuta cewa ya ƙi. Na zo da guda ashirin, suna wurin yaron can na bakin ƙofa, kowane shugaba ya karɓi ɗaya kafin ya fita, ba sai ya biya ba.

Akwai maganar masu rauni da ban taɓo ba, da ta gawa, don ita ma tana da haƙƙi... To, shugaba ya ɗaga hannu. Na tsaya. Wassalamu alaikum.